Ranar da Aka Zo Duba Mai Usur

"Ku sake ni, yau za su zo duba ni!"

Mai Usur ke nan, maƙwabcinmu, yana kokawar sauka daga gado. Ni da matarsa muka danne shi, ko da yake ba wani ƙarfi ya rage masa ba, ƙashi ne kawai da taurin kai. Malamin motsa jiki ne a makarantar bayan layinmu, kuma wurinsa kwaleji ke turo ɗalibai masu koyon malanta. Bana sai kwalejin ta ce za ta tace masu horarwar: a zo a ga aikin kowa a fili, wanda bai yi ba a cire shi.

"Yaya, ki yi masa magana," in ji matar tana hawaye. "Mutumin da ko bayi ba ya iya kai kansa!"

Na ce, "Haba Malam, ka bari ka warke."

"In ba su gan ni ba cire ni za su yi. Yarinyar nan da nake horarwa kuma a ba wa wa? Har yanzu tsoron yara take ji."

Daga nan ya juya fuska bango. Muna jiyo ihun yara daga filin makarantar, da usur ɗin ɗalibar tasa, siriri, kamar mai neman izini. Kafin a kaɗa ƙararrawar ƙarfe tara ya cika. Wallahi na yi kuka, duk da shekarun da na yi ina mitar hayaniyarsa.

Mun lulluɓe shi ke nan sai ga wata mata da jaka a bakin ƙofa, fuska a sake. Ta ce daga kwaleji take, mai gadi ne ya kwatanta mata gidan.

"Albishir na kawo wa Malam, an bar shi a kan aikinsa. Ina juyawa in gaishe shi na ga ya tafi."

"Ya tafi daga ina?"

"Daga fili mana. Tun safe yana tsaye bayan ɗalibar, hannu a baya. Da yara suka rikice mata bai karɓe usur ba, sai ya matso kusa da kunnenta, nan take ta dawo daidai. Irinsa muke nema."

Matarsa ta sulale ƙasa. Na sunkuya in tallafe ta, idona ya faɗa ƙarƙashin gado. Takalman wasansa na nan a jere, ɗanyar ciyawa manne a jikinsu.