Tsakanin Azahar da La'asar

Kwanon kunun yana ƙona mini hannu, ga tabarya a gicciye a bakin ƙofar Mama Saloma. Na tsaya. Na ce, "Mama, ni ce Monica. Kunun tsamiya na kawo miki." Ba ta amsa ba. Ban yi mamaki ba, don in dai tabaryar nan tana kwance a wurin, ko fasto ne ya zo sai dai ya koma. Ina shirin juyawa sai na ji wani abu ya faɗi a ciki, kamar kujerar tsuguno ta kife. Na sake kira a hankali. Shiru. Na ce a raina kaza ce ta shiga tana kora. Na rufe kunun da faifai, na ajiye a gindin bango, na koma gidana na ci gaba da wanki.

Ranar Alhamis ce, cikin daminar dubu biyu da shida. Kwanan watan ya ɓace mini.

A Rikoto muke, cikin Zuru, dangan kara ne kawai tsakanin gidana da nata. Mijinta ya daɗe da rasuwa. Ɗanta ɗaya, Haggai, soja ne, a lokacin an kai su Sudan. Duk wanda ya samu hutu a cikin abokan aikinsa sai ya ba shi wasiƙa ya kawo mata. Ita ba ta taɓa shiga aji ba, ni kuwa na tsaya a aji huɗu, don haka ni nake karanta mata.

Laifina ne aka fara maganar tabarya. Wata wasiƙa ta zo, Haggai ya rubuta cewa an harbe shi a ƙafa amma yana samun sauƙi. Na dubi fuskarta, na tsallake wurin. Na karanta gaisuwa da tambayar gona, na ninke takardar. Ta karɓa ta juya gaba da baya.

"Monica, takarda cike ciki da baya, ke kin gama kafin ruwana ya tafasa?"

Na ce rubutunsa ne manya-manya. Bayan wata biyu uwar wani soja ta yi mata sannu da jikin Haggai a ƙofar coci, a gaban mutane. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Asabar ɗin da ta biyo baya sai ta shiga ajin yaƙi da jahilci na Malama Hannah, matar fasto, da fensir ɗinta da ta fiƙe da reza.

Wata guda ta yi ba ta wuce baƙi biyar ba. Ta ce mini ba ƙwaƙwalwa ce babu ba, yini ne yake zubewa kamar ruwa a kwando. Da safe gona, ta dawo ta daka, ta ɗora tukunya, wannan ta zo aron rariya, waccan ta zo da labarin wanda ya mutu a Bena. Kafin ta buɗe littafi rana ta faɗi, idonta kuma ba ya gani da aci-balbal.

Sai ta yanka wa kanta lokaci. Daga kiran azahar a masallacin bayan gidanmu zuwa kiran la'asar, nata ne, sai ta gicciye tabarya a bakin ƙofa. Ta ce Malam Lawwali ladan bai taɓa makara ba, ya fi duk agogon da ke Zuru. Ta daina zama da mu a gindin mangwaro. Ta daina bin mata cin kasuwar Ribah. An zaɓe ta a kwamitin zumuntar mata ta ce a ba wata. Har girki ta mayar sau ɗaya, ta ci da rana ta ɗumama da yamma. Mata suka sa mata suna Hedimasta. In ta wuce sai su ce, "Hedimasta, an tashi daga makaranta?" Ita kuma ta ce, "An tashi, amma ku an kore ku tun aji ɗaya."

Ni ma na ji haushi. Shekara goma sha ɗaya ina shiga ɗakinta ba sallama, yanzu ga itace a gabana. Sau ɗaya na tsallake tabaryar don in ari gishiri. Ta ɗaga kai daga littafin ta dube ni.

"Gidanki na ci da wuta?"

"A'a, Mama."

"To ko yana ci, sai Lawwali ya kira. In kina ƙaunata, kada ki sake."

Ban sake ba. Abin da nake ta juyawa ke nan har yau. Ita ta ce kada in sake, kuma ban sake ba.

Wata bakwai ta yi a haka har ta iya haɗa kalma. A makon da nake ba ku labari, Gabriel abokin Haggai ya zo hutu, zai koma ranar Juma'a da safe. Ta ce wannan karon da hannunta za ta rubuta amsa, ba ni ba, ba Malama Hannah ba. Tun Lahadi take fama. Layi ɗaya yakan ci mata azahar guda, ta goge ta sake har takardar ta huje, ta yago wata.

Tun Lahadin nan kuma kanta yake ciwo. Ta ɗaure shi da kallabi tamau. Ranar Talata na ga tana laluben bango kafin ta kai ga randa. Na ce mu je asibiti, ɗan kabu-kabu yana nan bakin hanya. Ta ce layin asibiti zai cinye mata yini ɗaya cur, ita kuma uku suka rage mata.

"Asibiti ba ya zuwa Sudan," in ji ta. "Gabriel ne zai tafi. Juma'a ki kai ni duk inda kike so."

To ranar Alhamis ɗin, na gama wanki na shanya. Malam Lawwali ya kira la'asar. Na leƙa ta kan danga, tabarya tana nan. Na ce yau rana ta ƙarshe ce, ƙila ta ƙara wa kanta lokaci, bari in ba ta. Na tsince shinkafa. Na sake leƙawa, ƙudaje sun taru a kan faifan kunun. A nan ne gabana ya faɗi, na zagaya na shiga ɗakin.

Na same ta kwance ta gefe a kan tabarma, kujerar a kife, bakinta ya karkace. Tana numfashi da ƙarfi kamar mai minshari. Idonta ɗaya a buɗe yake, ban sani ba ko tana ganina. Mijina Sila ya samo a-kori-kura muka kai ta asibiti. Kafin magariba ta cika.

Sun ce hawan jini ne, jijiya ta fashe a kai. Na tambayi nas ɗin, da mun kawo ta tun azahar fa? Ta ce Allah kaɗai ya sani. Na tambayi Malama Hannah, ta ce kada in ɗora wa kaina. Sila ya ce ko da na shiga kora ta za ta yi. Kowa da abin da ya faɗa, babu wanda ya ce mini e ko a'a.

Da gari ya waye na shiga share ɗakin saboda masu zuwa gaisuwa. Takardar tana ƙarƙashin kujera. Haruffan manya ne, suna gangarawa ƙasa kamar kunyar gona a kan tudu. Ga abin da ta rubuta, yadda ta rubuta shi:

"Hagai dana ni ce uwarka na rubuta da hanuna ba wanda ya taya ni. dawa ta yi kyau. akuya ta haifi biyu. yaya kafarka. ka fada mini gaskiya yanzu ina iya karatu. monika tana waje ina jin ta"

Daga nan sai wani dogon zane da fensir ya ja har bakin takardar.

Na karanta ya fi sau goma. Ta ji ni ke nan. Me za ta ce bayan wannan? Monica tana waje, bari ta jira? Monica tana waje, ta kawo mini kunu, tana kula da ni? Ko kuwa tana so ta kira ni ne bakin ya ƙi, sai hannun ya rubuta? Ban sani ba. Na kai takardar hasken ƙofa, ko akwai wani baƙi da ban gani ba. Babu.

Rezar da take fiƙe fensir tana kan taga. Layin ƙarshen yana can ƙasa shi kaɗai, in na yanke shi ba wanda zai gane, wasiƙar za ta ƙare a kan karatu, ƙarewa mai kyau. Haggai ba zai taɓa tambayata me na tsaya yi a waje ba. Na ɗauki rezar na riƙe, har na ji ƙarar babur a ƙofar gida.

Gabriel ne da jakarsa, cikin kaki. Ya durƙusa ya yi mana gaisuwa, ya ce ba shi da ikon tsayawa jana'iza, mota tana jiransa a tasha. Shi zai kai wa Haggai labari da bakinsa. Sai ya ga takardar a hannuna.

"Anti, ta gama kuwa?"

"Ban sani ba," na ce.

Ya ce ko zan ƙara wani abu a ƙasa, zai jira. Na ce a'a. Na ninke ta huɗu yadda take, da layin da zanen duka, na miƙa masa. Ya sa a aljihun ƙirji ya ɓalle maɓalli.

An fara yayyafi lokacin da suka tashi. Na tsaya a bakin danga ina kallonsu suna gangarawa, ɗan kabu-kabun yana kauce wa ramuka, Gabriel a baya ya riƙe jaka da hannu ɗaya, ɗayan kuma ya dafe aljihun kada ruwa ya taɓa.