Farantan Ɗela a Bangon Zaure

Mas'udu ɓarawo ne. Bai haura katangar kowa ba, bai kwance akuyar kowa ba, amma ya shiga ɗakin matar yayansa marigayi ya kwashe mata kayan jere, ya liƙa su a bangon zaure don baƙi su yaba. Sata sunanta sata, ko an shafe ta da farar ƙasa.

Ɗela ce matar. Tun da mijinta ya rasu take zaune a gidan gado, a wani ƙauye na Kwaya, ita da 'yarta Nabila. Ba ta da gona, ba ta da ko kaza. Dukiyarta kaf farantai ne irin na da, masu kauri da zanen fure, waɗanda ta gada wurin uwarta. Ta naɗe su da tsumma ta kulle a akwati, tana jiran ranar da Nabila za ta tare a ɗakinta.

Ɗela ta tafi Mallawa jinyar ƙanwarta. A bayanta matar Mas'udu ta haifi namiji, shi kuwa ya rantse sai an yi sunan da za a daɗe ana zancensa, don ya gayyato abokan kasuwancinsa daga Magariya. Ya ɗauko Bukar magini, aka yaɓe zaure, aka fitar da zanen dagi da na takobi a jikin bango. Bukar ya ce adon zaure irin na gargajiya ba ya cika sai an dasa farantai. Na kasuwa sirara ne, ba su da kwarjini. Mas'udu bai yi dogon tunani ba, ya ɗauki guduma ya ɓalle kwaɗon akwatin Ɗela.

Ana gobe suna ta dawo. Ta sauka daga kabu-kabu, ta tuɓe takalma a bakin zaure, ta sunkuyar da kai za ta wuce maza kamar yadda aka saba. Sai ta ji wani yana cewa, "Kai, wannan mai jan furen ya fi duka kyau." Ta ɗaga ido. Ga farantan uwarta jere tun daga saman ƙofa har kusurwa. Ƙullin kayanta ya faɗi daga kanta.

"Mas'udu, wa ya ba ka?"

"A'a, matarmu, sannu da hanya! Ko ruwa ba ki sha ba za ki fara shari'a?" Ya yi dariya yana duban mutane. "Ai ƙanin miji ba ya sata, wasa yake."

"Da guduma ake wasan? Wasan da ke tsakanina da kai ya bi yayanka kabari."

"Haba Ɗela. Suna can cikin akwati kyankyasai na kwana a kansu. Yau ga su sun ga duniya."

"Nabila fa? Bangon za ta ɗauka a ka ta kai gidan miji?"

Ta matsa ta sa farce a gefen faranti ɗaya. Bai motsa ba. Da laka ce, da an jiƙa an zare su lafiya. Siminti ne. Bukar, wanda ke tsugune yana wanke cebur, ya miƙe.

"Yaya Ɗela, wallahi cewa ya yi ke kika ba shi. Ni laka na so in sa, shi ya ce siminti, wai don kada su fita."

Ashe ba aro ba ne, ya yi niyyar cinyewa. Ɗela ta zauna daɓas a tsakiyar zaure, inda mace ba ta zama, ta ce ba ta tashi sai an kira Baba Hamma, ƙanin mahaifinsu Mas'udu, babban dangi. Mazan suka fara sulalewa ɗaya bayan ɗaya.

Tsohon ya zo yana dogara sanda. Ya dubi bangon, ya juya ga Mas'udu.

"Kai ne amanar marainiyar nan take wuyanka, kai ne kuma ka fara cin ta. Cire su."

"Baba, a yi haƙuri a yi suna gobe tukuna. Na riga na gaya wa mutane."

"A raɗa wa jikana suna a ƙarƙashin kayan sata? Ba da raina ba. Bukar, ba shi kurfin sara siminti, kai kuma kada ka taya shi."

Mas'udu ya hau turmi yana sara, ƙura na cika masa gemu. Ɗela na tsaye ƙasa da zane a buɗe tana karɓa. Mafi yawa sun fito lafiya. Wasu sun ɓantare a baki, mai jan furen kuwa ya huje ta tsakiya. Ta goge shi da gefen mayafinta, ta sa shi cikin sauran, ba ta yi kuka a gabansa ba.

Baba Hamma ya sa aka sayar da babur ɗin Mas'udu aka cika wa Nabila kayan ɗaki. An yi suna a ƙofar masallaci. Bangon kuwa an hana Mas'udu yaɓe shi, sai ranar da Nabila ta tare.