Abin da Tela Ta Gada a Jini

Shagonta yana ƙarshen layi, daidai inda kwalta ta ƙare. Da hantsi rana kan shigo ta taga ta kwanta a kan yadukan da ke rataye, fanka tana kaɗa su a hankali, sai ɗakin ya koma kamar ƙarƙashin ruwa mai launi-launi. Tun tana budurwa take ɗinki, har sunanta na yanka ya ɓace a bakin mutane. Yara da manya Tela suke ce mata. Mijinta ma haka, sai dai shi yakan ja ƙarshen kalmar idan akwai abin da yake nema.

Mijin nata direban bas ne a cikin gari. Ya daɗe a bayan sitiyari, daga tasha zuwa tasha, abincinsa a kan cinya, lemon kwalba mai sanyi a gefen kujera. Ita ta fara lura jikinsa ya canja, don ita ke auna shi. Duk sanda ta zagaya tef a ƙugunsa sai ta ga ɗan yatsanta ya ƙara matsawa gaba.

"Baban yara," ta ce masa wata rana, tef ɗin a hannunta, "in ka ci gaba haka, yadin labule zan riƙa sayo maka."

"Hutu ne, Tela. Matar kirki na aura, dole jiki ya nuna."

Amma ba hutu ba ne. Gajiya ta fara kama shi tun kafin azahar, ga wani nauyi a ƙasan haƙarƙarinsa na dama, kamar an cusa masa ƙaramin filo. Sai da ta yi da gaske ya yarda suka je asibiti.

Likitar mace ce mai sanyin murya, gilashinta a ƙarshen hanci. Ta kwantar da shi a wani ɗaki mai duhu-duhu, ta shafa masa wani abu mai yauƙi a ciki, ta riƙa zagayawa da na'ura. Tela tana gefe tana kallon allon. Ita dai gajimare take gani, fari da toka-toka, suna motsi duk sanda ya ja numfashi, har ta shagala tana tunanin irin rigar da za a yi da yadi mai wannan launi.

"Kun ga nan da ya yi haske da yawa?" in ji likita. "Hantarka ce. Kitse ne ya kwanta a cikinta. Bai yi nisa ba tukuna, kuma hanta tana da haƙuri. In ka rage mata kaya za ta warware. Ka bar lemon kwalba, ka rage soye-soye da kayan zaƙi, ka yawaita ganye, ka riƙa tafiya a ƙasa kullum har ka yi gumi. Kuma kada wani ya ba ka jiƙo ko gari ya ce wankin hanta ne. Wasu ƙara ɓata ta suke yi."

"Likita, ni da nake kai mutane inda za su, ni zan koma tafiyar ƙasa?"

"Kai ɗin."

Tela ta fito tana murmushi kamar wadda ta ci shari'a. Tun a ranar ta karɓi ragamar cikinsa. Ta sauke kaskon suya daga kan murhu, ta cika masa gora da ruwa zalla, kuma da safe ita ke tsayawa a ƙofar gida ta tabbatar ya bi ta hanyar da ba a samun abin hawa.

Da suka koma karɓar sakamakon jinin da aka ɗiba masa, likita ta daɗe tana duba takardar kafin ta ɗago.

"Akwai wata ƙwayar cuta da ke kama hanta, ana ce mata nau'in B. Jininka ya nuna ka taɓa haɗuwa da ita, jikinka ya yaƙe ta ya kore ta, yanzu ba ka da ita. Amma daga wani wuri ta zo maka. Ina so a gwada mutanen gidanka duka."

Tela ta miƙa hannu aka ɗebi jininta tana hira da ma'aikaciyar a kan wuyan rigarta da aka ɗinka a karkace. Ko a ranta ba ta kawo komai ba. Ita da ko zazzaɓi sai ta shekara bai kwantar da ita ba?

'Ya'yansu biyu ne. Babbar mace ce, suna kiranta Tsuntsuwa tun tana ƙarama saboda yadda take tsattsagar abinci. Ta yi aure, a lokacin tana ɗauke da cikin fari. Ƙaramin kuwa, Auta, yana makarantar kwana. Sakamako ya fito. Auta lafiya lau, don a asibiti aka haife shi, kuma an yi masa rigakafi tun yana jariri. Tela tana da ƙwayar. Tsuntsuwa ma tana da ita.

"Mai yiwuwa tun haihuwa kike tare da ita," likita ta ce mata. "Haka take, sai ta zauna shiru shekara da shekaru, mutum yana harkokinsa. Uwa kan ba ɗanta a lokacin haihuwa ba tare da ta sani ba."

Likita ta ci gaba da bayani, amma Tela ta riga ta yi nisa. Muryar ta koma mata kamar rediyon maƙwabta.

Kwanakin da suka biyo baya ta yi su ne kamar mai tafiya cikin barci. Takan buɗe shago, ta zauna a gaban keke, ƙafarta tana takawa, allura tana hawa tana sauka, amma hankalinta yana wani tsakar gida mai nisa inda ta girma. Tana ganin Innarta a kan tabarma a inuwar katanga, a shekararta ta ƙarshe: hannuwa sun rame kamar sillen kara, ciki ya kumbura yana sheƙi, fararen idanunta sun koma ruwan ƙwai. Kowa da abin da ya ce a lokacin. Wasu sun ce shawara ce ta yi mata yawa, wasu sun ce hannu aka sa mata. An kawo saiwoyi, an kawo ƙulle-ƙulle, Inna tana sha tana godiya. Ita ce ta koya wa Tela saka zare a allura, ta kama 'yan yatsunta ta ce, "Kada ki kalli zaren, ramin za ki kalla." Tela ta daɗe tana cewa abin da ta gada wurin Inna ke nan, ido da haƙuri. Ashe akwai wani abin da ya biyo ta, ba wanda ya gan shi balle ya ambata.

Wata rana allura ta soke ta a yatsa. Abin da ya saba faruwa ne, da can tsotsewa take yi ta ci gaba. Wannan karon sai ta tsaya tana kallon ɗigon jinin yana taruwa, ja wur, mai kyau kamar dutsen ɗan kunne. Ta daɗe tana kallonsa, har mai rigar da ke jira ta ce, "Tela, lafiya kuwa?"

A gida ta ware kofinta da cokalinta, ta ɗaura musu jan zare, ta ajiye su a saman kabad. Ta daina cin abinci a kwano ɗaya da mijinta. Tsuntsuwa kuwa, tun ranar sakamako Tela ba ta kira ta ba. Takan ɗauki waya, ta kalli hoton yarinyar, ta mayar. Me za ta ce mata? Na ba ki nono, na ba ki tarbiyya, ga kuma wannan?

Direba, mijin nata, ya zuba wa Tela ido na 'yan kwanaki. Ranar nan da yamma ya dawo, ya miƙa hannu saman kabad, ya sauko da kofin mai jan zare, ya cika shi da ruwa ya shanye a gabanta.

"Baban yara! Me kake yi haka?"

"Ruwa nake sha. Shi kaɗai kika bar mini a duniya, shi ma za ki hana ni?"

"Kofina ne."

"Na gani, har da ɗamara kika yi masa." Ya zauna kusa da ita, ya sassauta murya. "Ke ba ki ji abin da likita ta ce ba, ni na ji, don ranar kin tafi kin bar mana gangar jiki. Ba a ɗauka a kofi, ba a ɗauka a kwano, ba a ɗauka a gaisuwa ko tari. Jini ne, da reza, da allura, da buroshin haƙori, da abin da ke tsakanin miji da mata, da haihuwa. Ni kuwa nawa ya riga ya wuce. Gobe ki shirya, tare za mu fita. Na gaji da tafiya ni kaɗai kamar wanda aka ƙwace wa mota."

Da safe suka fita. An yi ruwa kafin gari ya waye, ƙasa tana ƙamshi, sararin sama ya sauko ya kwanta a cikin kududdufai. Rabon da su jera a titi su biyu tun kafin a haifi Auta. Yana nuna mata abubuwan da ya gano tun da ya fara tafiyar ƙasa, shi da ya yi shekaru yana wuce su a guje: wata bishiya da ta tsiro ta cikin katangar wani kango, wani tsoho mai gyaran takalma da ke magana da kyanwarsa, wani gida mai shuɗiyar ƙofa da kullum ake jin kukan tattabaru a ciki. Tela tana biye da shi, takalminta yana ɗaukar laka, tana jin kamar garin wani ne aka ba su aro. Ba ta lura da inda suka dosa ba sai da ta ga ƙofar gidan Tsuntsuwa.

"Ka yaudare ni."

"Direba ne ni. Fasinja ba ya zaɓar hanya. Shiga, ina nan waje ina huce gajiya."

Tsuntsuwa tana tsakar gida tana shanya, cikin ya fito sosai. Da ta ga uwarta sai ta saki rigar da ke hannunta a cikin bokiti.

"Mama, fushi kike yi da ni?"

"Ni? Da ke?"

"To, kin daina kirana. Na ce ko kunya na ba ki."

Tela ta nemi bakin baranda ta zauna. "Ni na ba ki abin nan, 'yar nan. Daga jikina ya shiga naki. Da wane baki zan kira ki?"

Tsuntsuwa ta zauna a gefenta da ƙyar, tana dafe da baya. "Ke kuma wa ya ba ki? Inna. Ita kuma wa ya ba ta? Haka za mu yi ta bi har mu rasa wanda za mu yi wa fushi. Mama, ni tsoro nake ji, kuma ke nake so a kusa da ni. Likita ta ce ƙwayar tana da yawa a jinina, ta ba ni magani ina sha kullum har in haihu. Ta ce in an haifi yaron, a ranar, kafin ya kwana, dole a yi masa allurar rigakafi, sannan a cika sauran daga baya. In an yi haka, da yardar Allah ba zai ɗauka ba, kuma zan ba shi nono kamar kowa. Amma ni a ranar ba zan san inda kaina yake ba. Wa zai tsaya?"

Tela ta kalli igiyar shanya, ruwa yana ɗiga daga ƙananan rigunan da aka saya tun kafin mai su ya iso. Ɗinkin kasuwa ne, ko'ina zare a waje.

"Ni zan tsaya," ta ce. "Kuma waɗannan rigunan ki ba ni su in gyara, wanda ya ɗinka su ba ya tsoron Allah."

Daga nan ta koma wurin likita, wannan karon da kunnuwanta a buɗe. Aka ƙara gwaje-gwaje, aka duba hantarta a ɗakin nan mai duhu-duhu. Likita ta ce ƙwayar a kwance take, hantar ba ta yi tabo ba, ba ta bukatar magani yanzu, amma ta riƙa zuwa ana dubawa a kai a kai ko da tana jin garau, don ciwon ba ya sallama kafin ya tashi. Tela ta aika wa ƙannenta duka cewa su je a gwada su. Wasu suka je, wani ya ce shi lafiyarsa ƙalau, ta ce za ta ci gaba da damunsa har ya gaji. Tafiyar safe kuwa ta zame musu jiki. Direba yana ƙorafi yana tafiya, nauyin da ke gefensa yana raguwa, har ya fara yi wa abokansa na tasha wa'azi a kan lemon kwalba, suna ce masa sabon tuba.

Naƙuda ta zo da rana tsaka. Namiji aka samu. Tun kafin a gama goge shi Tela ta tsaya a kan ma'aikaciyar jinya.

"'Yata, allurar hanta. Yau za a yi masa."

"Mun sani, Mama, yana rubuce a katinta. Ki ɗan zauna."

"Zan zauna in an yi."

Ma'aikaciyar ta yi dariya, ta tafi ta dawo da 'yar ƙaramar kwalba mai sanyi. Tela ta riƙe ƙafar jaririn da kanta. Cinyar ba ta fi babban yatsanta biyu ba, fatar kamar ba a gama yin ta ba. Allura ta shiga ta fita. Yaron ya yi shiru na ɗan lokaci kamar yana nazarin abin da aka yi masa, sannan ya buɗe baki ya sanar da duk ɗakin.

Ta ɗauke shi ta nufi taga tana jijjiga shi. A ƙasa, cikin masu jira a gindin wata bishiya, ta hango Direba da surukinsu sun ɗaga kai suna neman tagar da za su kalla. Ta ɗaga yaron kusa da gilashi. Direba ya cire hularsa yana kaɗawa, ya kama wani baƙo da ke wucewa yana nuna masa sama.

"Mama," Tsuntsuwa ta ce daga kan gado, muryarta a shaƙe da barci, "an yi?"

"An yi."

"To, kawo shi in gan shi mana. Tun ɗazu ke kaɗai kike kallonsa."