Goron Baba Fung

Saura kwana biyu in bar Guangzhou gaba ɗaya, bayan shekara goma sha tara ina yi wa 'yan Kano lodin kaya a tashar jiragen ruwa ta Huangpu. Na yi sallama da kowa a kasuwar Tianxiu, har da waɗanda ba su cancanta ba. Mutum ɗaya ya rage, Baba Fung, mai kula da gidan auna yanayi da ke kan dutsen bayan gari.

A da, kafin waya ta yi wayo, in damina ta kama nakan hau in tambaye shi ko guguwar teku za ta hana jirgi tashi. Ginin dutse ne kewayayye kamar rumbu, kaurin bangonsa ya kai kamu biyu, tagoginsa ƙanana don kada iska ta samu abin kamawa. Ya ce mahaifinsa na cikin waɗanda suka hau da duwatsun a kafaɗa. Sai mu bi matakalar ƙarfe zuwa rufi, inda wasu kofuna uku na auna iska ke juyawa, ya duba littafinsa, ya ɗaga min yatsu: kwana kaza. Ni kuma in miƙa masa goro, don ba a zuwa wurin dattijo hannu rabbana. Ya karɓa da hannu biyu ya zura aljihu. Ban taɓa ganin ya ci ba, kuma abin yana ba ni haushi.

Shekara shida rabona da hawa. Kunya ta ishe ni a hanya, gwiwa ma ta ce ba da ita ba.

Na tarar an yi fenti, na'urori suna aikinsu ba mutum. Na ambaci sunansa ga matar da ke gadi.

"Meyo," in ji ta, wato babu. Bara ya rasu.

Na tsaya da goro a hannu. Matar ta kalli goron, ta ja ni wajen wata taga. Wata bishiya ce a tukunya, ta kai kafaɗata. Ta yi magana a wayarta, wayar ta fassara min:

"Ya ce irin garinku ne. In sanyi ya zo, shi yake shigo da ita ciki. Ya ce in ka zo mu tambaye ka yaushe take 'ya'ya."

Ni Bakano ne, shekara arba'in ina cin goro, ban taɓa ganin bishiyarsa ba sai ranar.