Kuregen Gindin Tsamiya

Shekara shida ina aikin gini a Makka, kuma kusan kullum sai ƙanena Sabitu ya turo mini hoton wani jan kurege daga gonarmu ta Gumel. Yakan zauna a gindin tsamiya da wayarsa, ko motsi ba ya yi, har kuregen ya tono gyaɗa, ya miƙe tsaye, ya riƙe ta hannu biyu yana ɓarewa.

Na sha yi masa faɗa: "Ɓarawon gyaɗar tamu kake wa hoto? Ba ka da aikin yi ne?"

Sai ya yi dariya, ya ce jarumi ne, ko jifan sa aka yi ba ya sakin abin da ya riƙe, da shi yake gudu.

Wata Talata aka tsinci gawar Sabitu a gindin tsamiyar, babu rauni ko ɗaya. Ina ɗakina a unguwar Rusaifa ta Makka aka yi jana'iza.

Hoton da ya turo da safiyar ranar na buɗe shi ya fi sau ɗari. Gyaɗar tana ƙasa. Kuregen yana tsaye hannu wayam, bai gudu ba. Kuma ba Sabitu yake kallo ba, abin da ke bayan Sabitu yake kallo.