Tiyon da Alhaji Ya Ɗaure

Abin da ya fi ci wa Abdussalam rai shi ne, shi fa bakanike ne. Ba ɗan koyo ba, mai gareji nasa na kansa a unguwar Poumpoumré ta Garuwa, wanda direbobin manyan motocin auduga ke gaisarwa da hannu biyu. Amma ga shi a tsakar gidan ubansa, gumi na bin bayansa, tsohuwar motar marigayi Alhaji ta mayar da shi abin dariya.

Tun ranar da aka bugo waya daga garin Rey Bouba aka ce jikin Inna Achta, ƙanwar mahaifiyarsa, ya yi tsanani, ta daina cin abinci, sunan yayarta kawai take kira, Hajiya Mairamu ta ɗaure kayanta ta ce a fito da mota. Hajiya ce ta haifi Abdussalam, kuma ita da Achta su kaɗai suka rage a ɗakinsu. Sai dai tun da ta karye a ƙugu ba ta iya zaman bas. Motar Alhaji ko a fasa. Baƙar motar Jamus ce, doguwa, mai kujerun fata, ta girmi rabin direbobin Garuwa. Maƙwabcinsu Brahim ya kawo tasa har ƙofar gida, Hajiya ta leƙa ta ce wannan gwangwanin zai ƙarasa mata ƙugun tun kafin a haye gadar Binuwai.

To, motar kuwa ta ce ba ta san zance ba. Tana tashi, amma da ka ɗaga ƙafa daga totur sai injin ya riƙa hawa yana sauka, ya yi karkarwa, ya mutu. Duk wanda ya leƙo sai ya ce, "Zuwa-zuwa ce," wato fetur ɗin kwalba na bakin titi. Abdussalam ya zuƙe tankin tas, ya zuba na gidan mai. Babu canji. Ya wanke kafireta, ya sa sababbin buji, wato fulogi. Daga nan ya koma kan delko, wanda ke raba wa buji wuta, ya murɗa shi gaba kaɗan don wutar ta riƙa zuwa da wuri. Injin ya tsaya da kansa, har ya yi hamdala. Yana hawa titi ya taka, sai ƙas-ƙas-ƙas kamar ana kaɗa tsakuwa a kwano. Ya murɗa baya. Ƙarar ta ɗauke, amma motar ta yi laƙwas, allurar zafi na hawa, masu babur na wuce shi suna waiwaye. Gaba ba daɗi, baya ba daɗi. Kai, jama'a!

Ita kuma Hajiya kullum tun safe tana zaune ƙarƙashin darbejiya, mayafi a kafaɗa, jaka a cinya.

"Har yanzu?"

"Ina ƙoƙari, Hajiya."

"Ubanka bai taɓa riƙe sifana ba, amma motar nan ba ta taɓa ba shi kunya ba."

"Ai shi kanikawa gare shi."

"To kai mene ne?"

Ya haɗiye amsar, don in ta fito sai ya nemi gafara. Ana haka wayarsa ta yi ƙara. Nasiha ce, 'yar Inna Achta. Ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba ta ce, "Yaya, in za ku zo, ku zo." Tsoro ya kama shi sosai, tsoron a ce matan nan biyu ba su gana ba saboda shi ya kasa gyara mota.

Nan ya ajiye girman kai ya kira Blaise, abokinsa da suka koyi aiki a hannun maigida ɗaya. Blaise ya iso a babur, ya durƙusa ya gai da Hajiya da Fillanci, sannan ya sa kunne ga injin.

"Abdu, motarka iska take sha ta wani wuri."

"Na san iska take sha! Na bi tiyoyin nan ɗaya bayan ɗaya da hannuna."

"Duka?"

"Duka na ce maka."

Blaise ya kashe injin, ya laluba aljihu ya fito da sigari.

"A gidana?" in ji Hajiya.

"Mama, ba sha zan yi ba, aiki ne."

"Haka kowane mashayi yake cewa."

Ya cire bakin wani siririn tiyo daga jikin kafireta. Shi ne ke tafiya zuwa delko, kuma ta cikinsa zuƙar injin ke gaya wa delko lokacin da zai gaggauta wuta. Blaise ya cika baki da hayaƙi ya hura a ciki. Suka zuba ido. Sai ga hayaƙin yana fitowa siriri a tsakiyar tiyon, daidai ƙarƙashin layar Alhaji.

Laya ce ta fata, wadda Alhaji ya karɓo wurin malaminsa ranar da ya sayi motar, ya ɗaure ta da wayar ƙarfe a kan tiyon da hannunsa. Tun Abdussalam yana yaro aka gaya masa ba a taɓa ta. Saboda haka duk binciken da ya yi, yatsunsa na isa wurin sai su tsallake su ci gaba, ko lura bai yi ba. Wayar kuwa ta ci robar har ta huda ta, zafin inji ya gasa fatar ta manne.

Abdussalam ya dafe kai. Haushin kansa ya ishe shi, ragowar ya kai wa mamaci.

"Haba Alhaji! Duk faɗin motar nan ka rasa inda za ka ɗaure abin nan sai a nan?"

Ya ɗauko filaya zai datse wayar. Matar da sai an kama ta take miƙewa, sai ga ta tsaye a bayansa da sandarta.

"Ajiye."

"Hajiya, nan ne ciwon. In yanke, in sa sabon tiyo, mu kama hanya."

"Wanda ya ɗaure shi ke kwancewa."

"Wanda ya ɗaure yana kabari!"

Yana faɗa ya yi da-na-sani. Blaise ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa.

"To haka za ta zauna," in ji Hajiya.

"Inna Achta fa tana can tana kiran sunanki."

"Na sani. Kana tsammanin ban sani ba?" Ta nuna layar da sanda. "Kun gyara ɗakinsa, kun raba rigunansa, kun ba da shagon haya. Wannan kaɗai ya rage a inda ya bar shi. A gabana ya ɗaure ta."

Abdussalam ya tsaya da filaya a hannu, takaici da tausayi sun kama shi. Ya so ya yi ihu. Ya dubi layar, ya dubi tiyon daga wannan baki zuwa wancan, sai ya ja tsaki.

"Blaise, wa ya ce dole iska ta bi ta wannan?"

Ya zare ɗaya bakin tiyon daga delko, ya ɗaure tsohon tiyon duka a jikin ƙarfe da zare, layar na nan yadda take. Blaise ya hau babur ya samo sabo mai kauri ɗaya, suka ja shi gefen tsohon.

"An taɓa ta?" Hajiya ta tambaya.

"Ko da farce."

Ta sunkuya ta duba da kanta kafin ta koma kujera.

Saura saitin wuta, wanda shi da kansa ya hargitsa da murɗe-murɗensa. Ya shafa alli a kan alamar da ke jikin fule, wato faifan gaban inji da bel ke bi ta kansa. Suka toshe sabon tiyon tukuna, Blaise ya haska fitilar saiti mai walƙiya, shi kuma yana juya delko a hankali har farin allin ya tsaya cak a mazauninsa. Ya ɗaure, ya mayar da tiyon. Injin ya kwanta lumui. Ya zaga unguwa ya taka ta sosai, babu ƙas-ƙas, allurar zafi ba ta motsa ba.

A hanya ma Hajiya ba ta bar shi ya huta ba. In ya yi gudu ta ce zai kashe ta, in ya rage ta ce ko jaki ya fi shi sauri. Da suka bar kwalta suka hau jar ƙasa sai ta yi shiru, carbi kawai take ja. Wannan shirun ya fi faɗan damunsa. Duk kwanar da ya sha, zuciyarsa na raya masa zai tarar da tabarmi a ƙofar gida da maza zazzaune.

Babu tabarmi. Nasiha ta fito da gudu, suka kama Hajiya har cikin ɗaki. Inna Achta ta rame ta zama kamar yarinya a kan gado. Hajiya ta zauna a gefenta ta riƙe hannunta, ta kira sunanta. Da ƙyar ta buɗe ido.

"Yaya Mairamu. Kin wahalar da ni. Na ce musu ba inda za ni sai kin zo."

"Ba laifina ba ne, Achta. Motar ce, da yaron nan."

"Haka kike tun muna yara. Kullum laifin wani ne."

Suka yi dariya, irin wadda ba ta da sauti. Abdussalam ya fita waje ya zauna a dakali. Bai koma ciki ba, ya bar su su yi hirarsu.

Ana kiran sallar la'asar Nasiha ta leƙo, fuskarta jiƙe, ta ce masa Inna ta cika, kanta a cinyar Hajiya.