Kiran Maryamu a Fadamar Argungu

Mutanen wannan labari huɗu ne. Akwai Ummu Hani, 'yar wasan kwaikwayo, da mahaifinta Malam Kalilu, manomin shinkafa a Argungu. Akwai mahaifiyarta Maryamu, wadda ta rasu tun Ummu Hani tana ƙarama. Sai Obed mai shirya fim, wanda iyayensa suka zo daga Filato, aka haife shi a Birnin Kebbi.

Ummu Hani ta fara wasa a dandalin makaranta a Birnin Kebbi. Daga nan aka ɗauke ta a wasan talabijin na mako-mako, har masu babur suka san fuskarta. Tana cikin yin fim ɗin Obed sai aka gayyace ta wani babban aiki a Kano. Ta ce ba za ta tafi ba sai da yardar mahaifinta, shi kuwa bai taɓa kallon wasanta ba.

"Ki ƙare na Obed ki dawo gida," in ji shi. "Zama wani mutum da ba ke ba, wannan ba sana'a ba ce."

Fitowar ƙarshe a fim ɗin ta mace ce mai korar tsuntsaye daga shinkafa. Obed ya roƙi Malam Kalilu aron gonarsa.

"In dai za ku kore mini tsuntsayen jan-baki kyauta, ku wuni," in ji tsohon. Ya ɗauki fartanyarsa ya nufi can ƙarshen gona.

Da sassafe ne, tururi yana tashi daga gulbi yana kwanciya a kan shinkafar da ta nuna. Ummu Hani ta hau rumfar tsaro, ta kama igiyar da aka rataya wa gwangwanaye.

"Ummu, ja igiya kawai ki yi ihu, kowane iri," in ji Obed.

"Ji mai koyarwa! Kai da ko kazar mamanka ba ka iya korewa," in ji Ummu Hani.

Aka yi dariya, sannan aka yi shiru, aka kunna na'urar ɗaukar hoto.

Daga bisa ba ta ganin kowa, sai fari ko'ina, rumfar tana lilo kamar kwalekwale. Sai ta ji kamar an goye ta: baya mai ɗumi, zane mai ƙanshin hayaƙi, da wata murya da ke ratsa bayan tana shiga ƙirjinta. Ta buɗe baki, kira ya fito, ya fara ƙasa-ƙasa, yana hawa a hankali. Tsuntsaye suka tashi gaba ɗaya kamar an kaɗa babban mayafi. Sai kiran ya yanke a tsakiya, domin ba ta san ƙarshensa ba.

Malam Kalilu ya yar da fartanya. Ya ratso shinkafa, ruwa har gwiwa, ya shiga gaban na'ura bai sani ba. Obed ya ɗaga hannu kada kowa ya yi motsi. Tsohon ya tsaya a gindin rumfa yana duban mace a cikin tururi, ya daɗe kafin ya gane fuskar.

"Ɗiyata, wa ya koya miki wanga kira?"

"Ba kowa, Baba. A bayan Inna na ji shi."

"Kin bar shi rabi. Ba nan taka tsayawa ba."

"Kullum barci ke ɗauke ni kafin ta ƙare."

Ya gyara murya, ya ɗauko kiran daga inda ta aje shi. Muryar ta tsufa, tana rawa, amma ta kai ƙarshe, inda kiran yake karyewa kamar dariya. Ummu Hani ta maimaita. Ya gyara mata, ta sake, har ya rufe ido ya daina gyarawa.

Da rana ta cinye tururin, ya ce, "Can Kano suna da fadama?"

"Ban sani ba, Baba."

"To ki tai da shi duk da hakanan. Wurina ya kusa ɓacewa." Ya juya ga Obed. "Kai kuma ɗan Birni, in kun gama, a kawo mini in gani. Wurin nan kaɗai nika so."

Nan labarin ya tsaya. Wanda ya ga inda alƙalamina ya kauce, ina roƙonsa ya gyara, Allah ya saka masa da alheri.